Mudun da Ake Auna Iyaye da Shi

Idan 'yan'uwa biyu da suka daɗe suna noman gandu suka tashi raba gari, ranar da ta fi kowace wuya ita ce ranar rabon hatsi. Gona ana taka ta a ja iyaka, shanu ana ƙirga su, amma geron da aka sussuka aka sheƙe sai an auna, kuma babu wanda zai so ɗan'uwansa ya riƙe mudu. Ƙanen zai ce, "Yaya, ba wai ban yarda da kai ba ne, amma a kira mai awo." Wan zai ce to, a kira shi, ko da ransa ya ɗan sosu. Mai awo ya zo da kwanonsa, ya durƙusa gaban tsibin, ya cusa kwano ya ɗago, ya ƙara da tafi biyu har hatsin ya tsaya a kai, ya juye cikin buhu yana ƙirgawa da ƙarfi kowa na ji. Wanda ya taɓa zama kusa da ma'auna ya san akwai magana a hannun nan: ko an girgiza kwanon ko ba a girgiza ba, ko an tare bakinsa da yatsu, ko tun a gida an bugi gindinsa ya lotsa ciki. A kwano ɗaya bambancin bai taka kara ya karya ba. A buhu arba'in ya isa ya ciyar da gida kwana da kwanaki.

A kotunan iyali na Ingila da Amurka akwai mutumin da matsayinsa ke nan. Aure ya mutu, uwa da uba kowa yana son 'ya'ya su zauna wurinsa, ko kuwa hukumar kula da yara tana neman a karɓe yaro daga hannun iyayensa. Zarge-zarge sun cika kotu: ita ta ce yana dukanta yana razana yaran, shi ya ce kanta ba daidai yake ba, ta hure wa yaran kunne. Alƙali doka ya karanta, bai karanci ƙwaƙwalwa ba. Sai ya naɗa ƙwararre, likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam, ya gana da kowa, ya yi musu gwaje-gwaje, ya kalli yadda kowannensu yake zama da yaran, ya rubuto rahoto. A takarda, rahoton nan shawara ce kurum. A zahiri kuwa, alƙalin da shari'o'i suka yi masa yawa ba kasafai yake saɓa wa abin da ƙwararre ya rubuta ba. Ta haka mutumin da ya zauna da iyali na 'yan sa'o'i yakan zama shi ya yanke gidan da yaro zai kwana har ya girma.

To wa aka yarda ya riƙe wannan mudu? A Birtaniya amsar tana da ban mamaki. Tun 2009 aka ɗora wa hukumar da yanzu ake kira HCPC alhakin yi wa masu wannan sana'a rajista, doka kuma ta killace laƙabi tara waɗanda ba mai amfani da su sai mai rajista, irin su masanin halayya na asibiti, da na makarantu, da na harkar laifuffuka. Amma gundarin sunan, "masanin halayyar ɗan Adam" shi kaɗai, ba a killace shi ba. Kowa yana iya buga shi a kati ya buɗe ofis, bai karya doka ba. Yana iya jera sunayen ƙungiyoyi da kwasa-kwasai a takardar tarihin aikinsa har lauyan da yake sauri ya ɗauka an gama magana, alhali bai taɓa samun horon duba marar lafiya ba.

A 2012 wata farfesa a Jami'ar Central Lancashire, Jane Ireland, ta yi abin da ba a saba yi ba: ta auna ma'aunan. Ita da abokan aikinta suka duba rahotanni 126 da masana halayya suka gabatar a kotuna uku. Suka tarar ɗaya cikin biyar na marubutan ba su da cancantar aikin da aka sa su, kuma wajen kashi biyu cikin uku na rahotannin ba su da inganci, wasu ma sun lalace ƙwarai. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na uku: tara cikin goma ba sa wani aikin duba marasa lafiya a ko'ina, rubuta wa kotu rahoto shi ne kaɗai sana'arsu. Mai awon da ya daina shiga kasuwa, ba ya haɗuwa da sauran ma'auna, ba wanda ke gwada kwanonsa da na wani, yana iya shekara goma yana awo da lotsattsen kwano da zuciya ɗaya.

Binciken ya tayar da ƙura. Wasu 'yan sana'ar suka soki hanyar da ta bi, aka kai ƙararta gaban HCPC, aka yi ta jan magana har 2016 kafin a wanke ta. Mutane sukan ba da wannan labari a matsayin shaidar cewa mai faɗin gaskiya ba ya shan daɗi, kuma haka ne. Ni wani abu daban nake gani a ciki. An iya kai ta ƙara ne saboda tana da rajista. Akwai ofishin da aka nufa, akwai ƙa'idar da aka auna ta da ita, akwai ranar da aka ce ba ta da laifi. Uwar da marar rajista ya rubuta cewa ita haɗari ce ga 'ya'yanta ba ta da irin wannan ƙofa da za ta ƙwanƙwasa. Amfanin hatimin hukuma a jikin mudu ke nan. Hatimi ba ya hana tauye awo, duk mun sani. Abin da yake yi shi ne idan an tauye maka, akwai sarkin kasuwar da za ka kai wa kuka, shi kuma yana da mudun gwaji da ikon ƙwace na mai ha'inci.

Maganar ta kai gaban shugaban sashen shari'ar iyali na Ingila da Wales, Sir Andrew McFarlane, a Fabrairun 2023, cikin wata shari'a da ake kira Re C. An ɗauke yara daga hannun uwarsu an mayar wa uba bayan rahoton wata mai kiran kanta masaniyar halayya wadda ba ta da rajistar HCPC, rahoton da ya ce uwar ce ta juya musu tunani. Uwar ta nemi a sake buɗe shari'ar, ba ta yi nasara ba. McFarlane ya ce doka ba ta haramta wa kotu sauraron marar rajista ba, gyaran wannan aikin majalisa ne, amma dole kotu ta tsananta bincike kan cancantar irin wannan mutum kafin ta naɗa shi. Sai ya ƙara da abin da a ganina ya fi komai nauyi a hukuncin: hure wa yaro kunne ba cuta ba ce da masani zai gano ta kamar zazzaɓi. Aiki ne da wani yake aikatawa ko ba ya aikatawa, kuma tabbatar da an aikata ko ba a aikata ba aikin alƙali ne, da shaidu da hujjoji.

Mai awo ƙirga kwano aka kira shi ya yi. Ranar da ya ajiye kwano ya ce ai wannan tsibin na wan ne domin ya lura ƙanen malalaci ne, ya bar aikinsa ya shiga na dagaci, ko da kuwa gaskiya ya faɗa.

Wannan ra'ayi na cewa ƙin uba ciwo ne yana da asali. Wani likitan ƙwaƙwalwar yara a Amurka, Richard Gardner, shi ya raɗa masa suna a 1985, yana cewa yara da yawa da ke zargin ubanninsu da cin zarafi uwa ce ta dasa musu. Babban kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka, bugun 2013, bai karɓe shi a matsayin cuta ba, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta cire sunan daga jadawalin kundinta a 2020. Duk da haka ya samu gindin zama a kotuna, domin yana da wata siffa mai haɗari: ba ya karyatuwa. Yaro ya ce yana tsoron babansa, alama ce ta an hure masa kunne. Uwa ta kai ƙara wurin 'yan sanda, alama ce. Ta yi kuka a ofishin masani, alama ce. Ta daure ba ta yi ba, ita ma alama ce. A 2023 wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan cin zarafin mata, Reem Alsalem, ta gabatar da rahoto a kan yadda ake amfani da wannan zargi a rufe bakin matan da suka kawo kukan duka. Ba ina cewa iyaye ba sa ɓata juna a wurin 'ya'ya ba. Suna yi, uwaye da ubanni duka, kowa ya san gidan da aka yi. Shi ya sa jagorar da Majalisar Shari'ar Iyali ta Ingila ta fitar a Disambar 2024 ta bi abin daki-daki: a fara tabbatar da yaron yana ƙin mahaifin, sannan a duba ko ƙin yana da dalilinsa, kamar duka ko razanarwa, ko kuwa shaƙuwa ce kawai da wanda yake zaune da shi, sai bayan nan a tambaya ko ɗayan ya aikata wani abin da ya jawo haka.

Akwai kuma batun la'ada. An sha samun ƙwararren da zai rubuta cewa iyalin nan suna bukatar wani magani na musamman na sasanta yaro da uba, sai ka duba ka ga shi ne yake sayar da maganin, ko abokin cinikinsa. A 2022 Majalisar Shari'ar Iyalin da na ambata ta ja kunnen kotuna kan wannan. Babu kasuwar da za ta bar mai awo ya zama shi ne kuma mai sayen hatsin.

A ɗauka yanzu mutumin yana da rajista, yana da lasisi, ba ya cin la'ada. Saura kwanon kansa. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da aka fi amfani da su a irin wannan aiki shi ne MMPI, wanda aka fara fitarwa a 1943 a Jami'ar Minnesota don taimaka wa likitoci gane cututtukan ƙwaƙwalwa. Bugunsa na biyu yana da jimloli 567, kowace mutum ya ce gaskiya ce ko ba gaskiya ba ce a kansa. Ba don auna iya reno aka ƙirƙire shi ba. Ka ɗauki matar da ta gudo daga gidan duka, tana zaune a wani ɗaki da fensir a hannu, ta san abin da ta cike zai shafi ko za ta ci gaba da ganin 'ya'yanta. Ta zo kan jimlolin da ke tambaya ko tana jin ana bin ta, ko tana ganin wani yana nufin ta da sharri, ko barci yana yi mata wuya. Idan ta faɗi gaskiya, makinta zai hau a ma'aunin yawan zargin mutane. Idan ta ɓoye, gwajin yana da wasu ma'aunai da ke kama mai ƙoƙarin nuna kansa tsaf, a rubuta cewa tana rufa-rufa. Masanin kirki ya san wannan tarko, yana karanta makin tare da tarihin matar da bayanan asibiti da na 'yan sanda. Wanda bai san kan cin zarafi a gidan aure ba zai kwafo abin da kwamfuta ta fitar ya liƙa a rahoto.

Nan ne abin ya taɓo mu kai tsaye, domin akwai Hausawa a Landan da Manchester da New York da Houston, kuma aurensu yana mutuwa kamar na kowa. Wani muhimmin ɓangare na aikin ƙwararren shi ne ya zauna gefe ya kalli uwa da ɗanta na awa ɗaya ko biyu, yana rubuta wa ya rungumi wa, wa ya kalli wa. To ga Bahaushiya da ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa gaban baƙo, ba ta jawo shi jikinta, sai dai ta tura masa abinci ba tare da ta ɗaga kai ba. Yaron ya shigo ya durƙusa, ana yi masa magana idonsa na ƙasa. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san kunya ce da tarbiyya, ya kuma san irin son da ke ƙarƙashinsu. Wanda bai sani ba yana iya rubuta cewa uwar ba ta da shauƙin ɗanta, yaron kuma a tsorace yake. A haɗa da tafinta da aka samo a gurguje, da gwajin da aka daidaita shi a kan amsoshin Amurkawa. Ƙa'idojin ƙungiyar masana halayya ta Amurka, waɗanda ta fara fitarwa kan wannan aiki a 1994, suna neman ƙwararre ya san al'adar mutanen da yake dubawa ko ya nemi taimakon wanda ya sani. Lauyan da ya san aikinsa zai tambaye shi a gaban alƙali wa ya tuntuɓa.

Amurka ta fi Ingila rubuta sharuɗɗa, sai dai kowace jiha da nata. A Kalifoniya dokokin kotu sun ce mai wannan aiki ya kasance da lasisin sana'arsa, ya yi horon sa'o'i 40 kan binciken riƙon yara, da wasu 16 kan cin zarafi a cikin gida, sannan ya riƙa sabunta karatun duk shekara. New York ta kafa kwamiti a 2021 wanda mafi yawan mambobinsa suka goyi bayan a daina irin wannan bincike baki ɗaya. Jihar ba ta kai can ba, ta tsaya kan wajabta lasisi da horo. Amma sa'o'in aji ba sa wanke abin da mutum ya riga ya ƙudurta. A 2022 kafar binciken ƙwaƙwaf ta ProPublica ta ruwaito wani da ke cikin jerin waɗanda kotunan Kolorado suka amince da su yana cewa kusan kashi 90 cikin 100 na zarge-zargen cin zarafin yara da ke zuwa gabansa ba ya yarda da su. Takardunsa a cike suke. Kafin iyali su shigo ofishinsa ya gama awo.

Wani lokacin kuma awon daidai ne, wanda aka auna wa ne ya kau da kai. Kayden Mancuso tana da shekara bakwai lokacin da mahaifinta ya kashe ta a Agustan 2018 a jihar Pensilbaniya, a wata ziyara da kotu ta amince a yi ba tare da mai sa ido ba, duk da cewa binciken ƙwararre ya riga ya nuna uban yana fama da matsalar ƙwaƙwalwa mai bukatar magani. Da sunanta aka sa wani sashe a dokar tarayya ta yaƙi da cin zarafin mata a 2022. Sashen yana ba jihohi ƙarin kuɗi idan suka gyara dokokinsu, ciki har da cewa shaidar ƙwararre kan cin zarafi ta fito daga wanda ya yi aiki da waɗanda aka ci zarafinsu da hannunsa, ba wanda iyakar saninsa zauren kotu ba, kuma a horar da alƙalan su ma. Kolorado ce ta fara bi, a 2023.

Ya kamata a yi wa 'yan sana'ar adalci. Aiki ne da kusan kullum ɗaya daga cikin mutum biyu zai fita yana tsine maka, kuma wanda ya faɗi a kotu yakan huce a kan lasisinka. Kuɗin da gwamnatin Ingila ke biya a shari'o'in da take ɗaukar nauyi an ƙayyade shi, wata doka ta 2014 kuma ta sa wa shari'ar karɓe yaro wa'adin mako 26. Likitan da yake da asibiti cike da marasa lafiya zai ce ba shi da lokaci. Wanda ba shi da wani aiki sai wannan zai ce gobe ma a shirye yake. Wani kwamiti da shugaban sashen iyali ya kafa ya ba da rahoto a 2020 cewa ƙwararrun da ke yarda su yi wa kotu aiki sun yi ƙaranci. Haka marasa rajista suka samu shiga: ranar kasuwa ta zo, masu hatimi ba su fito ba. Duk wanda ke neman a tsaurara sharuɗɗa, kuma ina cikinsu, sai ya faɗi inda za a samo mutanen da kuɗin biyansu. A Amurka ma iyayen ne galibi ke biya, dubban daloli, a jihohi da yawa kuma ba a iya kai wanda kotu ta naɗa ƙarar neman diyya.

A wajenmu ba a saba naɗa irin wannan ƙwararre ba, amma tambayar tana nan. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'ar Musulunci na Arewa ke bi, uwa ce ta fi cancantar renon ɗa bayan rabuwa, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, kuma hankali yana cikin sharuɗɗan mai reno. Saboda haka uban da ke son karɓe 'ya'ya ya san kalmar da zai furta. Zai ce tana da taɓin hankali, ko iskokai suna hawanta, ko an taɓa kai ta Dawanau, wato asibitin, ba kasuwar hatsin ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya, bisa ƙididdigar da aka saba ji, ba su wuce 300 ba ga mutane sama da miliyan 200, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 kuwa sai a Janairun 2023 aka sa mata hannu. Abin da yakan iso gaban alƙali bai wuce katin asibiti ko wasiƙa mai layi uku ba. Wasiƙar tana cewa matar ta taɓa kwanciya bayan haihuwa, an ba ta magani, an sallame ta. Ba ta ce komai ba kan ko yau tana iya dafa wa yaranta abinci ta kai su makaranta, domin ba wanda ya tambayi likitan wannan, shi kuma bai taɓa ganin ta tare da su ba. Alƙalin yana da ikon ya kira likitan ya tambaye shi yaushe rabonsa da ita, ko tana shan maganinta, da kuma ko abin da ya rubuta ya shafi reno ko bai shafa ba.